An ci moriyar ganga: me ya sa ake korar koci bayan ya kawo kofi?

Malamin Wasanni: Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Ya damina, ya aikin gona? Akwai maganar da take cina a rai tun kafin ruwa ya zauna, yau na ce bari in fitar da ita in ji ta bakinku.

Waɗanda muka kwana a gidan kallo a watan Mayun 2025 za su tuna yadda New York Knicks ta fitar da Boston Celtics mai riƙe da kofi a NBA, wato gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Rabon Knicks da kaiwa wasan ƙarshe na shiyyar gabas tun 2000, shekara 25 kenan. Kocinsu Tom Thibodeau ne ya kai su. Indiana ta cire su da wasa 4 da 2, kwana uku kacal bayan haka, ranar 3 ga Yuni, aka sallame shi.

Da shi kaɗai ne sai in ce tsautsayi. To ku duba. Nick Nurse ya ɗauko wa Toronto kofi a 2019, aka kore shi a 2023. Frank Vogel ya ɗauko wa Lakers a 2020, ko shekara biyu ba a cika ba aka kore shi. Mike Budenholzer ya ɗauko wa Milwaukee a 2021, kofin da rabonsu da shi shekara 50, aka kore shi a 2023. Michael Malone ya ɗauko wa Denver kofinta na farko a tarihi a 2023, a watan Afrilun 2025 aka kore shi ana saura wasa uku a gama kaka. Cikin mutum shida da suka ɗaga kofin NBA daga 2019 zuwa 2024, huɗu ƙungiyar da suka yi wa wannan alherin ce ta kore su. Steve Kerr da Joe Mazzulla ne kawai suka rage.

A tarbiyyar da muka tashi a cikinta, wannan sunansa butulci. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. In akwai mai wata fassara, ya faɗa mini.

Mai Gidan Kallo: Wa'alaikumussalam Malam. Ni a ganina Thibodeau ba ranar 3 ga Yuni ya rasa aikinsa ba, daren wasan farko da Indiana ya rasa shi. Kana nan ai. Mu tara ne a ɗakin, ƙarfe ukun dare ta wuce, batirin sola ya fara kuka na tashi na kashe fanka don kada talabijin ta ɗauke. Knicks na gaba da maki 14, saura abin da bai kai minti uku ba. Biyu daga cikin yaran har sun sa takalmi za su tafi. Sai Indiana suka dinga jefa na maki uku ɗaya bayan ɗaya, ɗan wasansu Haliburton ya yi jifan ƙarshe, ƙwallo ta bugi ƙarfen kwando ta tashi sama, duk muka bi ta da ido, ta dawo ta faɗa ciki. Aka tafi ƙarin lokaci, Knicks ta sha kashi 138 da 135 a gidanta. Wanda ya zuba kuɗinsa a ƙungiya ba ya manta dare irin wannan.

Malamin Wasanni: Na tuna sarai. Amma dare ɗaya zai shafe shekara biyar? Kafin ya zo a 2020, Knicks ta yi shekara bakwai ba ta leƙa zagayen neman kofi ba.

Ɗan Jami'a: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ka ba ni dama in ɗan yi tsawo, don ina ganin ba halin mutanen ba ne kaɗai, yadda aka gina gasar ne yake tura su ga haka.

A NBA akwai iyakar kuɗin da ƙungiya za ta iya kashewa a albashin 'yan wasa. In ta wuce sai ta biya tara, kuma tun yarjejeniyar 2023 in ta yi nisa da wuce iyakar, har musayar 'yan wasa ana ɗaure mata hannu a kai. Kwantiragin babban ɗan wasa kuwa tabbatacce ne, ko ya yi wasa ko bai yi ba sai an biya shi, kuma kuɗinsa na nan a lissafin iyakar. Albashin koci shi ba ya cikin wannan lissafin ko kaɗan. To ka ɗauka kai ne shugaban ƙungiya, an cire ku, magoya baya na kumfar baki, mai ƙungiya ya kira ka yana tambayar me za a canza. Tauraronka ba ka isa ka taɓa shi ba. Sauran manyan kuɗinsu ya yi nauyi, ba mai ɗauka. Kai kanka ba za ka ce kai ne ka haɗa 'yan wasan da ba su dace da juna ba. Wa ya rage? Mutum ɗaya tal da za a iya cirewa da safe a sa wani da yamma ba tare da doka ta hana ba.

Sannan ƙwallon kwando ba kamar ƙwallon ƙafa ba ce. Mutum biyar ne a fili, ɗan wasa ɗaya yana iya zama rabin ƙungiya. In tauraro ya fara juya wa koci baya, magana ta ƙare. David Blatt ya kai Cleveland wasan ƙarshe a 2015, a Janairun 2016 suna kan gaba a gabas da nasara 30 da rashin nasara 11 aka kore shi. Adrian Griffin yana da 30 da 13 a Milwaukee aka kore shi a Janairun 2024. Ba maki aka duba ba, zamansu da 'yan wasa aka duba.

Baba Direba: Yaro ka yi bayani, Allah ya yi maka albarka. Ni ban san wannan wasan naku ba, jikokina ne suka sa ni a zauren nan, amma na gane maganar tun daga farkonta. Shekara 31 na yi ina jan motar mutane, daga Gumel zuwa Kano, wani lokaci har Maigatari ranar Alhamis. Akwai maigidan da na karɓi motarsa tana tari kamar mai tarin fuka. Na lallaɓa ta, na san kukan injinta kamar kukan ɗana, ba ranar da na kawo balas da giɓi. Cikin shekara uku kuɗin motar nan ya sayi wata sabuwa dal. Ranar da aka kawo sabuwar, ina tsaye ina shafa ta, ya miƙa makulli ga wani yaro ɗan ɗakin matarsa. Bayan wata biyu ya karɓe tsohuwar ma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malam yana da gaskiya, butulci ne, ko a Amurka ko a tashar Gumel.

Mai Noman Rani: Baba, ranka ya daɗe, ina girmama maganarka, amma bari in tsaya a wurin mai mota na ɗan lokaci. Ina ɗaukar mutane aiki a fadamar Hadejiya duk shekara. Akwai wanda ya ƙware a share sabuwar gona, ya tumɓuke kututture, ya tayar da kunya, ba ka da kamarsa. Amma in aka zo rainon tumatir, lissafin ruwa da taki da feshi, sai ka ga ba fanninsa ba ne. In na kawo wani a wannan matakin, na zalunce shi? Wani kocin gwanin tayar da matacciyar ƙungiya ne, wani kuma gwanin ƙarasa ta ga kofi. Mark Jackson ya tayar da Golden State, ya ci wasa 51 a kakar da ta ƙare 2014, aka kore shi. Steve Kerr ya karɓa, shekarar farko ya ɗauki kofi, ya zo ya tara huɗu. Yanzu wa zai ce masu ƙungiyar sun yi kuskure?

Ɗan Jami'a: Ga ma wanda ya fi kusa da mu. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto a 2018. Kocinsu Dwane Casey ya ci wasa 59 a kakar, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba. Cleveland ta LeBron James ta share su 4 da babu, karo na uku a jere tana cire su. Ujiri ya kori Casey a watan Mayu. A watan Yuni aka ba Casey kyautar gwarzon koci na shekara, ya hau ya karɓa alhali ya riga ya koma Detroit. Duniya ta yi ta zagin Ujiri. Ya ɗaga mataimakin Casey, wato Nick Nurse, shekara na zagayowa kofi ya tafi Kanada.

Malamin Wasanni: Yauwa, na san za a kawo wannan, kuma shi ne misalin da ya fi ba ni haushi, don rabin labarin ake bayarwa. A bazarar da aka kori Casey, Ujiri ya yi musayar taurari, ya ba da DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard. LeBron da yake hana su barci ya tattara ya koma Lakers, ya bar shiyyar gabas gaba ɗaya. Tsakiyar kaka aka ƙaro Marc Gasol. A wasan ƙarshe kuma Kevin Durant da Klay Thompson na Golden State duk suka ji rauni. Ban rage wa Nurse komai ba, ya iya aikinsa. Amma an ba shi garma da shanu, Casey da fartanya aka bar shi, sannan a ce an gwada su? Wa ya san abin da Casey zai yi da Kawhi a hannunsa? Ba a ba shi ko wata ɗaya ya gwada ba.

Shi kuma Nurse ɗin, da kofinsa da kyautar gwarzon koci ta 2020, wa ya kore shi a 2023? Ujirin nan dai. Shi kansa Ujiri a ƙarshen watan Yunin 2025 aka raba gari da shi. Ba murna nake ba, wallahi mutumin ya yi wa yaran Afirka aiki da sansanoninsa na horo. Ina dai nuna muku cewa injin da aka kunna ba ya tantance wanda ya kunna shi.

Malama Uwar Marayu: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, duk kun tafi Amurka kun bar gida. Ku dawo ku dubi 'yan matanmu.

Sam Vincent ya ɗauko wa D'Tigress (ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya) kofin Afirka a Bamako a 2017, bayan shekara 12 rabonmu da shi. A 2018 ana saura 'yan makonni a tafi gasar duniya a Sifaniya aka sauke shi. Otis Hughley ya karɓa, ya kai su zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, ya ƙara kofin Afirka a 2019 da 2021. Me ya biyo baya? 'Yan wasan da kansu suka fito a bidiyo a 2021 suna kukan alawus ɗin da ba a biya su ba. A 2022 rigimar shugabancin hukuma ta sa gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin waje, gurbin da yaran nan suka samu da guminsu a gasar duniya aka ba Mali. Ko a ɓangaren maza, Will Voigt ya ɗauko kofin Afirka na farko a Tunisiya a 2015, zuwa gasar 2017 wani ne a benci.

Yanzu ga Rena Wakama. Ta ɗauki kofi a Kigali a 2023, mace ta farko da ta yi hakan tana koci. A Paris a 2024 ta kai mu zagayen takwas na ƙarshe, abin da babu wata ƙasar Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi a ƙwallon kwandon Olamfik. A Agustan 2025 ta sake ɗaukowa a Abidjan, kofi na biyar a jere. An karrama su a Abuja, mun gani, mun ji daɗi. Amma ina koya wa 'yan mata a makaranta, kuma hoton matar nan yana manne a bangon ajina. Addu'ata kullum kada ranar da za ta faɗi wasa ɗaya ta zama ranar da za a manta duk wannan.

Mai Gidan Kallo: Malama kin tuna mini da Shu'aibu Amodu, Allah ya jiƙansa. Sau biyu yana kai Super Eagles gasar cin kofin duniya, 2002 da 2010, sau biyun ana sauke shi kafin a tafi. Stephen Keshi kuma ya kai Togo ta 2006 aka ba wani ya je da su, ya ɗauko mana kofin Afirka a 2013, zuwa 2015 an kore shi. A Yunin 2016 suka rasu, kwanaki kaɗan tsakani.

Ɗan Jami'a: Nan ne nake ganin bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Kocin NBA in an kore shi, sauran kuɗin kwantiraginsa na biye da shi har gida. Monty Williams ya sa hannu da Detroit shekara shida a kan dala miliyan 78 da rabi. Ya ci wasa 14 cikin 82, har ya jera rashin nasara 28. Bayan shekara ɗaya aka kore shi, da wajen dala miliyan 65 da dole su biya shi. Kuma ƙungiyoyi 30 ne, suna ta juya mutane ɗaya. Mike Brown da ya horar da D'Tigers, ƙungiyarmu ta maza, wanda muka doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a 2021 yana benci, Cleveland ta kore shi sau biyu, Lakers sau ɗaya, Sacramento ta kore shi a Disambar 2024 bayan ya cire musu ƙishin shekara 16 na rashin shiga zagayen neman kofi kuma an zaɓe shi gwarzon koci ba hamayya. Shi aka ba kujerar Thibodeau a New York a Yulin 2025. Waɗannan ba abin tausayi ba ne kamar namu. Namu in an kore shi, da bashin albashi yake tafiya.

Baba Direba: Kuɗi ba ya wanke wulaƙanci, ɗana. An gaya mini ɗaya daga cikinsu rasuwa aka yi masa ana tsakiyar wasannin.

Malamin Wasanni: Budenholzer ne, Baba. Ɗan'uwansa ya rasu a haɗarin mota ana cikin karawa da Miami a 2023. Giannis, tauraronsu, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya faɗi ya bugu a baya tun wasan farko, bai buga biyu na gaba ba. A kakar nan Milwaukee ce ta fi kowa nasara, wasa 58. Miami ta cire su 4 da 1, bayan kwana takwas aka sallame shi. Ko kwana arba'in ba a yi da rasuwar ba.

Mai Noman Rani: Wannan kam babu daɗin ji, Allah ya kyauta. Amma a wasan ƙarshen nan yana da damar tsayar da wasa ya tsara yaransa bai yi ba, duk duniya ta gani. Ba ina kare yadda aka yi ba ne.

Dogo: Malam, ka yi haƙuri, ni ɗalibinka ne kuma ban isa in yi magana a gabanka ba, amma na san ba Thibodeau ne yake hana ka barci ba. Jama'a da yawa a zauren nan ba su san abin da ya faru ba. In ka yarda in faɗa.

Malamin Wasanni: Faɗi, Dogo. Ba abin ɓoyewa ba ne.

Dogo: Lokacin da aka kawo Malam makarantarmu babu ko filin. Wani fako ne a bayan ajujuwa inda awaki ke kwana. Shi ya bi 'yan kasuwa da iyaye ya tara kuɗin siminti, mu muka ɗebo yashi daga rafi a baro. Mai walda a bakin kasuwa ya lanƙwasa mana rodi ya yi ƙarfen kwando, aka kafa allon katako a jikin turakun ƙarfe. Raga kuwa Malam da hannunsa ya saƙa da igiyar buhu. Ƙwallo ɗaya gare mu shekara biyu, ta sha faci wajen mai faci har ba a ganin rubutun jikinta, in ka buga ta ƙasa sai ta karkace. Kullum kafin a fara sai mun share kashin awaki, Malam ya ja layi da toka. Da azumi bayan tarawi muke yi, da fitilar babur ɗinsa.

Shekara ta shida muka je gasar makarantun shiyya muka doke makarantun cikin gari masu takalma iri ɗaya, mu wasunmu da silifas ɗin roba muka fara. Muka dawo da kofi a bayan a-kori-kura, mata na guɗa tun daga bakin gari. Bayan wata biyu wani babba ya ce zai ɗauki nauyin ƙungiyar, ya kawo riguna da ƙwallaye shida, ya kawo nasa kocin daga birni. Zangon karatu na gaba takardar canjin wurin aiki ta zo wa Malam, aka tura shi wani ƙauye mai nisan tafiyar awa ɗaya a babur. Kofin yana nan a ofis, ba sunansa a jiki.

Malama Uwar Marayu: Innalillahi. Malam, ashe abin da ke ƙasa kenan. Allah ya saka maka.

Baba Direba: Sabuwar mota ta zo, an miƙa wa wani makulli. Ba yau aka fara ba. Allah ya ba ka haƙuri, Malam.

Dogo: Amma akwai sauran magana, kuma ita ce mai nauyin. Malam, ka koya mana kada mu yi maka ƙarya. Sabon kocin ya san abubuwan da ba mu taɓa ji ba. Ya koya mana tsaron yanki, ya koya mana yadda dogo zai tare wa gajere hanya ya samu sararin jifa. Kuma yana sa kowa a wasa. Kai mu biyar ka yarda da mu, in wasa ya yi zafi ba ka canza kowa. Ranar wasan ƙarshen nan ƙafata ta riƙe tun zagaye na uku, na dube ka ka kau da kai. Yara bakwai suna benci, akwai wanda ya yi shekara uku yana share fili bai taɓa shiga wasan gasa ba. Biyu daga cikinsu sun daina zuwa tun kafin a canza ka. Abin da ake faɗa a kan Thibodeau kenan, cewa yana barin biyar ɗin farko a fili har su ƙare. Da na ji ana faɗa, kai na tuna. Ka yafe mini.

Mai Gidan Kallo: Kai Dogo, a gaban jama'a?

Malamin Wasanni: Bar shi, Alhaji. Na daɗe ina kallon saƙon nan kafin in iya amsawa.

Gaskiya ka faɗa, Dogo. Na ga ƙafarka ranar nan, na kuma kau da kai da gangan, don ina tsoron in na cire ka za mu faɗi, in mun faɗi kuma a ce shekara shidan banza aka yi. Yaron da kake nufi na san shi, har gobe in na haɗu da mahaifinsa a kasuwa nauyi nake ji. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Amma ka lura da abin da ya sa na yi hakan. Wanda ya san faɗuwa ɗaya za ta iya raba shi da aikinsa ba zai taɓa sa yaron da bai gama nuna ba. Zai matse waɗanda ya yarda da su har su tsiyaye. Masu ƙungiya su ne suke dasa wannan tsoron, sannan su dawo su kori koci saboda abin da tsoron ya haifar. Ku dubi Oklahoma da suka ɗauki kofin 2025. Kocinsu Mark Daigneault ya ci wasa 22 a shekararsa ta farko, 24 a ta biyu. A wani wurin da tuni an manta sunansa. Aka bar shi ya yi ta gwada yara, suna faɗuwa suna tashi, a kakar da ta ƙare 2025 suka ci 68 suka haɗa da kofi. Erik Spoelstra a ɗakin bidiyo ya fara a Miami a 1995. A 2010 da aka tara masa LeBron da Wade da Bosh suka fara kaka da 9 da 8, kowa na cewa a cire shi, shugaban ƙungiyar Pat Riley ya tsaya masa. Ya kawo kofi biyu, har yau yana nan tun 2008.

Ban ce kada a taɓa canza koci ba. Da an kira ni an ce Malam, ka kawo mu nan, ga wanda ya fi ka sanin dabaru, ku yi aiki tare, ko ka riƙe ƙananan ka bar masa manyan, wallahi da na karɓa da hannu biyu, ni ma in ƙaru. A bakin masinja na ji labarin.

Ɗan Jami'a: Malam, maganarka ta shige ni. Abu ɗaya zan ƙara, don kada mu ɗauka masu haƙurin nan daga sama suka faɗo. Gregg Popovich da ake misali da shi, wanda ya riƙe San Antonio daga 1996 har 2025 da rashin lafiya ta sa ya sauka, da kofi biyar, ka san yadda ya hau? Shi ne manajan ƙungiyar. Kocin lokacin Bob Hill ya ci wasa 62 da 59 a shekaru biyu a jere, sai tauraronsu David Robinson ya ji rauni suka fara kaka da 3 da 15, Popovich ya kore shi ya naɗa kansa. Shekara na zagayowa suka samu Tim Duncan. Wato wanda ya fi kowa daɗewa a kujera, shi ne wanda wuƙar take hannunsa tun farko. Inda koci ya daɗe, za ka tarar ko dai shi ne mai yanke hukunci, ko kuma shi da mai yankewar bakinsu ɗaya. Malone da manajansa a Denver ba sa ga maciji, aka haɗa su biyun aka sallama rana ɗaya.

Mai Noman Rani: To ni abin da na ɗauka, laifin da na yarda an yi wa Malam shi ne rashin zama da shi. Ni ma zan gyara a gonata, don akwai wanda na sallama bara ta bakin ƙanena, ban kira shi ba. Amma ina nan kan bakana cewa kofin bara ba ya ba mutum kujerar har abada.

Malama Uwar Marayu: Ba wanda ya nemi har abada. Takarda muke nema. Duk mai kuɗin da zai ɗauki nauyin ƙungiyar yara a garuruwanmu, a zauna gaban mai unguwa da shugaban makaranta da iyaye a rubuta: wane ne koci, shekara nawa, me za a ba shi, in za a canza shi wata nawa za a sanar da shi. Ko ɗan ƙodago ana yin jinga da shi kafin ya sunkuya. Me ya sa mai rainon 'ya'yanmu ne kawai zai yi aiki a kan Allah-ya-isa? Zan kai maganar taron iyaye da malamai na wata mai zuwa, kuma ina so Ɗan Jami'a ya rubuta mana daftari da Hausa.

Ɗan Jami'a: In sha Allahu Malama, kafin Juma'a zan turo.

Dogo: Malam, can inda aka kai ka akwai fili?

Malamin Wasanni: Akwai wani fako kusa da rijiyar burtsatse, ƙasar da tauri, ba sai an zuba siminti yanzu ba. Yara goma sha ɗaya suke zuwa, har da mata uku, da bokitin fenti da na fasa gindinsa na ɗaure a jikin darbejiya muke yi. Na je wajen mai walda ya ce rodi ya yi tsada, sai bayan kaka.

Mai Gidan Kallo: Akwai ragowar rodi a bayan shagona tun ginin bara, zai yi kwando biyu. A turo yaro da babur ya ɗauka.

Dogo: Ni zan kawo ranar Asabar bayan mun gama maimai. Tsohuwar ƙwallon nan mai faci tana wurina, zan haɗo da ita. Malam, in zo da yaron nan da muka yi magana? Yanzu ya fi ni tsawo.

Malamin Wasanni: Ka fara zuwa wurin mahaifinsa ka nemi izini, ka ce ni na aiko ka. In ya yarda ku taho da wuri, hanyar tana da laka daga gadar zuwa gari, kada la'asar ta same ku a kanta.